Tsatsa a Ƙarƙashin Ledar Matan Jiratawa

Samarin da ke tsayawa a rumfata a Sabon Gari na Maraɗi abu biyu ke ba su dariya. Na farko ledar da nake zaune a kai, shuɗiya mai jajayen furanni irin ta ɗakin mata. Na biyu sana'ar kanta. Sai ka ji ɗaya ya ce, "Baba Isufu, wai kankare tsatsa ma aiki ne? Ba sai a ba mutum sampefa ya goge ba?"

Nakan ce ya zauna. In ya zauna, ga abin da nake gaya masa.

Ni ba na taɓa inji. Ba na buga jikin mota in ta yi karo. Aikina yana ciki, inda ido ba ya zuwa: ƙasan da kuke taka ƙafa, ƙafafun kujeru, layin ƙarfen da kujerar direba ke tafiya a kai, cikin ƙofofi, ramin tayar sukur, wato ta ajiya. Mota takan yi ƙyalli a waje, cikinta kuwa ya zama gari.

A Tibiri, garinmu na Gobirawa, na koya, wajen Nomau. Maƙeri ne ɗan maƙeri, ya bar fartanya ya koma mota. Ranar da na fara zuwa ban ga buroshi ba, ban ga fenti ba. Ƙaramar guduma ya miƙo mini, ya nuna matattun motocin da ke bayan gidansa, ya ce in shiga in yi ta ƙwanƙwasa. Na yi damina guda ina wannan. Lafiyayyen ƙarfe yana amsa ka da ƙara. Wanda tsatsa ta shige shi sai ya yi maka shiru, kamar ka bugi busasshen kashin shanu. Nomau ba ya bayani sau biyu. In na ce wuri lafiya lau ne, sai ya ɗauko turnabis, ƙarfen nan mai tsini na kwance sukuru, ya soka. In ya huda, ranar ba ni da abincin rana. Farcen babban yatsana na hagu a can na bar shi, a cikin ƙofar wata tsohuwar mota. Tarin da nake yi ma na can ne, don a lokacin ba mu san rufe hanci ba. Ku kam ku rufe.

Kayan aikin ba su da yawa. Guduma, turnabis, buroshin ƙarfe, sampefa mai kaushi da mai laushi, tsumma, giris. Sai injin goge ƙarfe in akwai wuta. Sai maganin tsatsa na kwalba, mai tsami, wanda ke zuwa daga Najeriya. Sai jan fentin farko da muke kira antiruy, wanda ake shafa wa tsiraicin ƙarfe kafin a yi masa fenti na gaske. Wanda ya shafa antiruy a kan tsatsa bai yi komai ba, ya dai lulluɓe ta ta ci abincinta cikin kwanciyar hankali.

Mutane kan ce Maraɗi busasshen gari ne, ina tsatsa za ta fito? Daga hannunmu take fitowa. An taɓa kawo mini motar wani Alhaji mai fataucin atamfa, kujerarsa ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na ɗaga darduma, na iske buta a ƙarƙashin kujera. Shekaru tana nan, kowane rami aka faɗa sai ta zubar da kaɗan. Na kankare layin, na sa giris, na ce a mai da butar cikin bokiti a baya. Wata kuma ragon Layya aka ɗauko a cikinta daga ƙauye, ya yi fitsari, aka share sama aka fesa turare. Kafin wata Layyar ramin taya ya yi ja wur. Masu wankin mota su ma suna ba ni aiki ba su sani ba. Su kwarara ruwa a ciki, su mai da darduma a jiƙe, su rufe gilashi.

To amma ledar kuke tambaya.

Shekarar da aka rufe iyakar Najeriya ita ce mafi muni da na gani. Maganin tsatsa ya ɓace a kasuwa. Antiruy ya zama sai mai rabo. Wuta sai ta leƙo ta koma, injin goge ƙarfe ya kwanta yana tara ƙura. Masu motoci kuma wa ke ta ƙasan kujera alhali ana ta abinci? Na sai da keken da nake hawa. Gwangwanin antiruy ɗaya ya rage mini, na ɓoye shi a bayan randa, ban san wa nake ajiye wa ba.

Ana saura kaɗan azumi, wata ƙaramar bas fara ta tsaya a bakin rumfa. Direban saurayi ne, Sale sunansa. A gefensa wata tsohuwa ce doguwa, ta sauko tana gyara mayafi. Ita ce Inna Tsahara, shugabar wasu mata masu noman zogale a Jiratawa. Sale ɗan ƙanin mijinta ne.

Sale ya ce, "Maigida, kujerata ke rawa. In na taka birki sai in ji ta biyo ni. Ga wani wari kuma."

Na ja ƙofa. Ban taɓa ganin cikin mota irin wannan ba. An cire kujerun tsakiya don kaya. Ƙasan duka an shimfiɗe shi da leda mai furanni, an manna ta da gam, an bi gefe-gefe da salatif. Tana sheƙi. Ga ƙamshin turaren wuta, ga warin jiƙaƙƙen ƙarfe a ƙarƙashinsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Mu," in ji Inna Tsahara, ta ɗaga kai. "Da hannunmu. Ta yi kyau ko?"

Ta ba ni labari ban tambaya ba. Da can 'yan sari ke zuwa har bakin gona su yanka wa zogale farashin da suka ga dama, don sun san ganye ba ya jira. Matan suka yi adashe shekara da shekaru har suka sayi motar nan, suka fara kai kayansu kasuwar Maraɗi da kansu. Ranar da motar ta zo suka yi mata abin da ake yi wa sabon ɗaki. Suka share, suka turara, suka shimfiɗa leda. Dalilinsu mai kyau ne. Zogale sai an yayyafa masa ruwa a hanya, in ba haka ba ya isa kasuwa a langaɓe. Suka ce bari su kare ƙarfen daga ruwa.

Na sa turnabis a kusurwa na ɗaga.

"Kai! Kai Bagobiri, mi kake yi? Ka san ko nawa muka sha wuya kafin ta kwanta haka?"

Na ja da ƙarfi, leda ta yage. Jan ruwa ya gangaro ya zuba a kan takalminta.

Ruwan yayyafi yana shiga ta inda suka yanka leda don ƙafafun kujeru. In ya shiga ba ya fita. Mota tana da ƙananan ramuka a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, Sale ya toshe su da tsumma da gam saboda ƙura. In sun dawo daga kasuwa kuma buhunan takin zamani suke ɗaukowa. Ƙwayoyin takin su gangara ƙarƙashin leda su narke. Gishiri ma bai kai shi cin ƙarfe ba. Ƙasan motar daga gaba har baya ya zama ja, wani wuri yana ɓarewa kamar ɓawon itace.

Inna ta duƙa ta leƙa. Sai ta ce, "Ta mutu?"

"Ban sani ba tukuna. In a sama take, za ta tashi. In ta shige inda notin kujera yake, sai walda. Walda sai wuta. Wuta babu."

"To ka duba mana."

"Sai na kankare zan gani. Maganin kankarewa babu. Ku jira a buɗe iyaka."

"A buɗe iyaka? Azumi ga shi a ƙofa. Cinikin shekara duka na watan nan ne. In motar ga ta kwanta, 'yan sari sun dawo bakin gona, kuma wannan karon sai sun rama."

"In ba ta kwanta ba, wata rana Sale zai taka birki kujera ta tashi da shi. Ku kuna baya."

Inna ta zauna a kan tsohuwar taya kamar a gidanta take.

"Shi maganin naku, mi yake yi wa tsatsar?"

"Tsami gare shi. Yana cinye ta."

"Tsami?" Ta kalli Sale, ta kalle ni. "Tsami kawai? To mu da mi muke wanke kaskon tuya in ya kwana damina a waje? Ba tsamiya ba?"

Na ce mota ba kasko ba ce.

"Ƙarfe dai ƙarfe ne. Kanka ne ya fi su tauri duka."

Don ta bar ni in huta na kwance ƙafar kujera ɗaya. Ta aiki Sale ya sayo tsamiya a bakin titi, ta jiƙa ta a bokitina, ta murje da hannu har ruwan ya yi kauri, ta jefa ƙarfen ciki. Suka hau kabu-kabu suka tafi, suka bar mini motar.

Washegari na ciro shi. Tsatsar ta yi baƙi ta yi laushi. Buroshi na bi sau kaɗan, sai ga farin ƙarfe. Na juya shi, na ƙwanƙwasa, ya amsa. Da ta zo na ce, "Inna, kin yi gaskiya."

"Sake faɗi, kunnen nan nawa ba ya ji sosai."

Ban sake ba.

Aikin ya ci mu. Matan suka riƙa zuwa bi da bi, suka kawo tsamiya a buhu, suka kawo turmi. Suna dakawa a gaban rumfa suna waƙa. Makanikan da ke maƙwabtaka da ni suka samu abin yi. "Isufu, ashe ka koma sai da kunu? A ajiye mana na shan ruwa!" Inna ta ce musu wanda ya ƙara magana za a jiƙa shi a bokiti shi ma, ko tsatsar bakinsa ta fita.

Ƙananan ƙarafa dai a bokiti suke kwana. Ƙasan mota ba ya shiga bokiti. Sai muka dama tsamiyar ta yi kauri kamar tuwo bai nuna ba, na fara bin wurin da buroshi in zubar da ɓawon, in shafa ta, in rufe da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta busar da ita. In ta jima sai in kankare, in bi da sampefa.

Wurin farko ya koya mini abu. Na wanke shi fes, na tafi sallar azahar. Na dawo na iske ya sake yin ja, kamar ban taɓa shi ba. Tsamin da ya rage a jikin ƙarfe shi ke kiran sabuwar tsatsa, tsiraicin ƙarfe kuma ba ya jiran kowa. Na gaya wa Inna. Ta ce su in miya ta yi tsami toka suke sa mata. Aka tato ruwan toka. Daga nan muka kama hanya: a kankare, a wanke, a bi da ruwan toka, a ɗauraye, a goge da busasshen tsumma, a bar zafin rana ya gama, a shafe da esansi, wato man fetur, a sa antiruy nan take. Taki ɗaya taki ɗaya, ba a buɗe wani wuri sai an rufe na baya. Na ɗauko gwangwanin nan daga bayan randa. Ina shafa shi siriri kamar mai sa kwalli, don in ya ƙare babu wani.

Ƙafafun kujeru ban ɓata musu antiruy ba. Na yi musu yadda Nomau ke yi wa sabuwar fartanya. A ɗumama ƙarfe a kan gawayi, kada ya yi ja, a shafa man gyaɗa, a mai da shi wuta har ya yi baƙi. A sake. Ruwa ba ya kama shi. Cikin ƙofofi kuma na buɗe ramukan ƙasa da waya, na zuba baƙin mai kaɗan ya bi lungu.

Ƙarƙashin kujerar Sale na bari a ƙarshe. A nan tsatsar ta fi kauri, a nan kuma notin yake. Ranar da na ɗaga buhun da ke kai, matan da suka zo daka suka ajiye taɓare suka kewaye ƙofa. Na kankare, na wanke, na goge. Ƙarfen ya fito da zanzana, duk ya yi ramuka ƙanana. Na ɗauki guduma.

Na bugi gefen noti na farko. Ya amsa. Na biyu ya amsa. Na zagaye su duka, ƙara dai nake ji. Da na matsa kamar tafin hannu zuwa ƙofa, sai guduma ta yi shiru. Na soka turnabis, ya wuce. Hasken rana ya shigo ta ƙasa.

Wata mata ta ce, "Innalillahi."

Inna ta ce, "Faɗi, Isufu."

"Ramin ba a kan noti yake ba. Nauyi ba ya zama a nan. Abin da ya girgiza kujera ƙafarta ce da tsatsa ta ci, ita kuma na samu wata. Wannan ba ya son walda."

Na yanke ruɓaɓɓen wurin da kurfi, abin yankan ƙarfe na maƙera, har na kai ga ƙarfe mai rai. Na yanko faci daga ƙofar wata matacciyar mota, na shafa antiruy ciki da waje, na huda da hannu, na ɗaure da ƙusoshin ƙarfe na dandaƙe kawunansu, irin ɗinkin maƙera. Na ɗaura kujera, na ce Sale ya hau ya yi tsalle. Ya yi. Ba ta motsa ba. Matan suka rangaɗa guɗa har masu kabu-kabu suka tsaya kallo.

Na ɗauka an gama. Fenti na bushewa sai ga Inna a kan babur, ta rungumo naɗin sabuwar leda, shuɗiya mai jajayen furanni.

"Wannan fa?"

"Ta motar ce. Wannan karon za mu manna ta da kyau, ko allura ba za ta shiga ba."

"In kin shimfiɗa ta, kada ki sake kawo mini motar nan."

"To buhunan mu zube su a kan ƙarfe? Fentin naka ya goge? Ko mu daina yayyafi, mu kai wa mutane busasshen ganye a watan azumi?"

"Wannan ban sani ba. Na dai san ruwa zai shiga. Ba hana shi shiga ake yi ba, hanyar fita ake ba shi."

"Bagobiri dai Bagobiri ne."

Ta jingina ledar a jikin rumfa ta tafi ba sallama. Na ce wa Sale ya bar makulli. Ya bari.

Da ta dawo, a kan amalanke ta zo, ita da wasu mata biyu. Suka sauke wasu abubuwa kamar gadon kara, gajeru, an ɗaure su da igiya, ƙafafunsu ba su wuce tsawon yatsa ba. Irin wanda suke ɗora buhunan hatsi a kai don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Sun auna cikin motar da igiya tun ranar da suke daka, ban lura ba. Suka jera su ciki, suka zauna daram. Sun naɗe ƙafafun da tsohuwar roba don kada su karce fenti.

Inna ta ce a kawo buta. Ta ɗora buhu a kai, ta yayyafa ruwa yadda suke yi. Muka duƙa muna kallo. Ruwan ya bi ta tsakanin kara, ya sauka a kan fenti, ya gangara, ya ɗiga ƙasa ta ramin da na buɗe.

"Ga hanyar fitarka," in ji ta. "Sauran mi?"

Na ce in an dawo daga kasuwa a fitar da gadajen, a buɗe ƙofofi, rana ta shiga. Takin zamani a sa shi cikin daro, kada buhunsa ya taɓa ƙasa. Sale kuma in ya sake toshe ramukan nan, a kawo mini shi.

Kafin a ga wata motar ta koma hanya. Azumin nan duka ba ta kwana a gareji ba. 'Yan sari suka je bakin gona suka iske ba kowa.

Bayan Salla Inna ta zo da matan. Ba su tambaye ni ba. Suka fitar da kayana waje, suka share rumfa, suka warware ledar nan suka shimfiɗa. Na ce ba na so.

"Ka hana ta mota, sai ka zauna a kanta. Ba mu manna ba, kada ka ce mun kashe maka ƙasa."

Daga baya an buɗe iyaka, maganin kwalba ya dawo, wuta ta gyaru. Ina amfani da su. Amma bokitin tsamiya yana nan a kusurwa, ƙananan ƙarafa a ciki suke kwana. Masu ɗaukar kayan lambu daga Jiratawa da Tibiri suka ji labari. Yanzu tun kafin damina suke kawo motocinsu a ɗaga darduma a duba, ba sa jira sai kujera ta yi rawa. Wannan shi ne aikin da ya fi sauƙi, shi ne kuma ya fi amfani. Aiki ya yi mini yawa. Wanda ke so a cikinku, guduma tana nan, matattun motoci suna bayan rumfa. Ni ba na hana abincin rana.

Ranar Litinin da Juma'a farar bas takan tsaya a nan in sun taso daga kasuwa. In ja ƙofa, in ɗaga gadon kara, in shafa ƙasan da tafin hannu. Ita kuma Inna Tsahara ta wuce ni ta shiga rumfa, ta ce wanda ke zaune ya tashi, ta ɗaga kusurwar leda ta duba ko akwai danshi a ƙarƙashi.

Har yau ba ta samu ba. Ni ma ban samu ba.